Hamboga a Gaban Suruki

Khartum, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara, da Kawu Sale da iyalinsa. Ni lafiya lau, sai zafin Khartum da ba ya jin rarrashi. Karatu yana tafiya, bana in Allah ya yarda zan gama.

Yaya, maganar Duha ce ta sa na ɗauki biro, zan ɗauki hoton takardar in turo miki ta waya. Kin san ta a bakina, malamar makarantar nan Bahaushiya ta unguwar Alsawra a Umdurman, wadda na ce miki in ba ita ba, to a bar ni haka. Kakanninta daga ƙasar Gobir suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a yankin Jazira a nan Sudan, suka tsaya tsinkar auduga, tsayawar ke nan har yau. Babanta, Baba Dogo, mahauci ne a Kasuwar Umdurman, da yamma kuma yana gasa agashe, wato tsirenmu ne suka sa masa wannan suna. Har yanzu ban taɓa zama da shi ba. Daga nesa nake gaishe shi, ya ɗaga hannu, shi ke nan. Duha kuwa ta faɗa mini ƙarara, in babanta bai sa albarka ba, babu aure.

To ga ƙofa ta buɗe. Wanta Muntasir ya haɗa kai da abokinsa Hazim, wanda ya daɗe a Amurka yana aiki a gidan abinci, suna sayar da hamboga irin ta can. Ba su da shago. Kowace Alhamis sai su kafa a wani wuri dabam, kamar kasuwar ƙauye, ta ci yau gobe ka zo ka tarar da fili. Wata guda za su yi su naɗe kaya. Wannan Alhamis a wani lambu za su kafa a Soba, kusa da mu. Naman daga hannun Baba Dogo yake fitowa, kuma ya ce da kansa zai zo ya ga abin da ake yi da shi, don shi bai ga dalilin da za a niƙe nama mai kyau kamar na marasa haƙori ba. Muntasir ya ce in zo, zai zaunar da ni kusa da shi.

Tun rasuwar su Baba ke ce uwa ke ce uba. Ki faɗa mini abin da zan sa da yadda zan yi. Ba na son in yi kuskure ko ɗaya.

Ƙaninki,
Musaddiq

Funtuwa, ranar Talata

Auta,

Wa'alaikassalam. Duk muna lafiya, yara suna gaishe ka, suna kuma tambayar ina dabinon da ka yi musu alkawari tun bara.

Oh ni Bilkisu, wai yau kai ne kake tambayar yadda ake zama gaban suruki. Jiya-jiya nake goge maka majina. To buɗe kunnenka da kyau. Ka sa farin kaftaninka, ba wannan wandon da ya matse ka kamar an ɗura ka a ciki ba. Ka sa hula. Ka durƙusa har ƙasa, idonka a kan tabarma. In ya tambaye ka abu, amsa gajeriya, ban da surutun nan naka na 'yan jami'a.

Babban abin kuwa, kada ka kuskura ka ci komai a gabansa. Ko ruwa. Za a kawo maka, za a matsa maka, wannan duk gwaji ne. Yadda suka ƙara matsawa haka za ka ƙara ƙi. Lokacin da Malam yake nemana, daga Bakori ya taho a keke cikin ruwan sama, Baba ya sa aka ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kaza. Ina bayan ƙofa ina jin kukan cikinsa, amma bawan Allahn nan ya ce a ƙoshe yake. Yana fita Baba ya ce wa Kawu Sale, yaron nan yana da kunya, a ba shi. Har Baba ya koma ga Allah Malam bai taɓa tauna ko goro a gabansa ba.

Ita wannan hamboga ma yara sun nuna mini ita a waya. Abin da sai mutum ya wage baki kamar mai hamma kafin ya gatsa, shi za ka ci gaban uban yarinya? Ka cika cikinka da wake kafin ka fita, ka je ka nuna musu daga gidan tarbiyya ka fito.

Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe mini da Duha.

Yayarka,
Bilkisu

Khartum, ranar Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki da mutanen gida. Ki yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta, raina a ɓace yake.

Na je. Na yi duk yadda kika ce, kuma abin ya lalace.

Lambun yana bakin kogi. Sun jera fitilu a tsakanin itatuwan lemo, samari da 'yan mata cike, wannan Larabci wancan Turanci. Hazim yana tsaye gaban wani faffaɗan ƙarfe mai zafi, yana dunƙula nama yana danne shi, gishiri da masoro kawai yake barbaɗawa, sai ya ɗora cuku ya narke a kai. Burodin zagayayye ne mai riɗi, a ciki akwai latas da tumatir da albasa da gurji mai tsami. Ƙamshin nan, Yaya, waken da na ci bai hana yawuna tsinkewa ba.

An kawo wa Baba Dogo gadon igiya ya zauna, da farar jallabiya da rawani. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya tambaye ni wane gari ne namu, ya ce kakansa yakan ambaci Funtuwa. Aka kawo masa tasa, ya juya ta, ya shinshina, ya gatsa, ya daɗe yana taunawa. Sai ya ce naman dai nama ne, sauran duk kwalliya ce. Kowa ya yi dariya, Muntasir har da ajiyar zuciya. Na ce a raina yau Allah ya yi.

Sai Baba Dogo ya miƙe da kansa, ya je gaban ƙarfen nan, ya nuna wa Hazim wadda yake so, ya tsaya a kansa har ta gasu. Ya ɗauko da hannunsa ya ajiye a gabana, ya ce, "Bismilla, ɗana."

Na ce Alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ya ce alaik Allah, wato don Allah. Na ƙara sunkuyar da kai na ce na gode, a ƙoshe nake. Ya sake haɗa ni da Allah, wannan karon da ƙarfi, har masu hira suka juyo. Ni kuwa ina tuna maganarki, ina cewa a raina gwajin ne ya kai ƙarshe, saura kaɗan in ci nasara. Na ce ya yi mini afuwa. Ya dube ni ya ce, "Naman ne ba ka yarda da shi ba, ko mai naman?"

Kafin in haɗa amsa ya ɗauke farantin, ya miƙa wa wani mai raksha, irin Keke Napep ɗinmu, da ke jiran fasinja, shi Baba Dogon ya shiga rakshar ya ce a kai shi gida.

Muntasir ya ja ni gefe kamar zai mare ni. Ya ce a nan, in babba ya kawo maka abinci da hannunsa, ya haɗa ka da Allah, ka ƙi, to ka ce ba ka son zumunci da shi ke nan. Abin da ya fi muni, Baba Dogo ya daɗe yana jin cewa mutanen Najeriya ba sa auren 'yar mahauci. Shi ya sa ya kawo naman da hannunsa, yana so ya gani da idonsa. Wai Baba Dogo ya ce Larabawa sun kira shi baƙo tun yana yaro ya saba, amma bai taɓa zaton ɗan ƙasar kakansa zai ƙyamaci hannunsa ba. Ya ce kada in ƙara taka ƙofar gidansa.

Duha ta aiko mini da saƙo layi ɗaya, wai na kunyata babanta a gaban yaran da ya haifa. Na kira ta ba ta ɗauka.

Ban ga laifinki ba, Yaya. Amma ba zan bar maganar nan ta mutu a kan burodi da nama ba.

Ƙaninki,
Musaddiq

Funtuwa, ranar Lahadi

Auta,

Amin wa'alaikassalam. Muna lafiya, sai dai wasiƙarka ta hana ni sakat.

Da farko na yi ta faɗa ni kaɗai a tsakar gida. Wace irin ƙasa ce wannan da kunya ta zama laifi? Hausawa ne fa, ko sun sha ruwan Nilu sun manta? Har na ce wa Malam in ba sa so su riƙe 'yarsu, 'yan mata ba su ƙare a Funtuwa ba. Da na huce sai na sa kaina a wurin dattijon nan, tsaye da faranti a hannu, jama'a suna kallo, jikina ya yi sanyi. Ni na ɗora ka a wannan hanya da ilimin Funtuwa, ban tambaye ka yadda mutanen can suke yi ba.

Kuma ba zan ɓoye maka ba, tsoronsa ba daga iska ya same shi ba. Ranar da na kai wa Kawu Sale maganarka, ina ambaton sana'ar uban sai ya yamutsa fuska ya ce, mahauci? Na ce masa Kawu, naman da ke cikin miyarka kullum daga sama yake faɗowa? Mun kai ruwa rana kafin ya ce to, in yarinyar tana da addini ba shi da ta cewa. Wannan ɓangaren ka bar mini shi, na gama da shi.

Yanzu ka sayi goro mai kyau, ka sami dattijo a cikin Hausawan can, limami ko wani mai furfura, ya kai masa. A yi masa bayani cewa a wurinmu ƙin cin nan girmamawa ce. Dattijo ya ji daga bakin dattijo, zai sauko. Kai kuma ka ci abinci, na san halinka, in ranka ya ɓaci sai ka yi ta zama da shayi.

Yayarka,
Bilkisu

Khartum, ranar Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam. Na gode da abin da kika yi a wurin Kawu, Allah ya bar mana ke.

Kin ji ni shiru, ina ta fama ne. Limamin masallacinsu ya kai goron, goron ya dawo yadda ya tafi, ko ganyen ba a buɗe ba. Liman ya yi bayani iya bayani, Baba Dogo ya ce kowa ya ƙi ka sai ya ce al'ada ce.

Jiya Gogo, mahaifiyarsa, ta aiko a kira ni lokacin yana kasuwa. Tsohuwa ce tukuf, Hausarta irin ta da, babu Larabci a ciki sai kaɗan. Da na ba ta labari ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta san wannan kunya sarai, mijinta a gonar auduga yakan kwana da yunwa da dai ya ci gaban babanta. Amma ɗanta a nan aka haife shi, a nan ya girma, abin da ya sani shi ne wanda ya ci naka ya zama naka. Ta ce ta yi masa magana, ya ce ya ji, amma fuskarsa ba ta ji ba. Na tambaye ta ko zai sake ba ni dama. Ta ce hannunsa ya miƙu gare ni a gaban mutane ya dawo, ba zai sake miƙuwa ba, ta san abin da ta haifa. Sai ta ce, "In kana son abincinsa, sai dai ka roƙa."

Yaya, kin ji fa. In tsaya gaban uban yarinyar da nake nema, a bainar jama'a, in ce ya ba ni abinci.

Alhamis mai zuwa ita ce ta ƙarshe, kuma a ƙofar gidansu za su kafa, a Alsawra, gaban duk unguwa. Daga ranar Hazim zai naɗe kayansa. A gaban mutane na ƙi, a gaban mutane ya kamata in gyara, kuma ba na jin zan sake samun taro irin wannan. Muntasir ya ce an hana shi ya ba ni ko ɓallin burodi, don haka babu wata hanya sai ta wurin uban.

Ba izini nake nema ba wannan karon, addu'a nake nema. Zan je.

Ƙaninki,
Musaddiq

Funtuwa, ranar Laraba

Auta,

Wa'alaikassalam. Roƙon abinci gaban suruki! Da Baba yana da rai da ya ce Sudan ta cinye maka hankali. Na karanta wa Malam, ina jiran ya taya ni salati, sai mutumin nan ya ce shi har yau kazar nan ta gidanmu tana masa gizo, da za a mayar da shi ranar da ya cinye har ƙashi. Ka ji wanda nake kafa maka misali da shi.

Je ka. Kunyar da na koya maka don a ga mutuncinka ce, in ta zama abin da zai raba ka da mutanen kirki, ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi. Sai dai ka wanke hannu, ka yi bismilla a bayyane, kuma kada ka yi magana da abinci a baki. Gobe da azumi zan wuni.

Yayarka,
Bilkisu

Khartum, ranar Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin sha ruwa lafiya. Ga yadda aka yi.

Motar da na shiga ta maƙale a cunkoso kafin gadar shiga Umdurman, na sauka na haye da ƙafa, na sami raksha a ɗaya ɓangaren. Ina isa ana idar da magariba, kaftanina ya jiƙe da gumi. An shimfiɗa tabarmi a layin gidansu, unguwa ta fito kaf, har tsofaffin da suka zo kallon abincin Amurka. Mata suna daga cikin gida suna leƙe ta ƙofa. Baba Dogo yana zaune a tsakiyar abokansa mahauta. Yana hango ni ya kau da kai.

Na cire takalmi, na je gabansa na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa sallamar kawai, don ita wajibi ce. Wallahi Yaya na so ƙasa ta tsage in shige. Na tuna in na tashi a haka na rasa Duha ke nan, sai na ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji, na ce, "Baba, yunwa nake ji. Ka ba ni abinci."

Wani tsoho ya fara dariya, aka zungure shi. Baba Dogo ya ce ba a ƙoshe nake ba? Na ce ranar ma ba a ƙoshe nake ba, kunyarsa nake ji, haka aka rene ni. Ya ce ga Muntasir can, in je in karɓa. Na ce a'a, daga hannunsa nake so, in kuwa bai ba ni ba a nan zan zauna har a naɗe tabarmi.

Ya bar ni a durƙushe har ƙafafuna suka mutu. Ya sha shayinsa, ya yi hira da na kusa da shi a kan tsadar shanu, kamar babu ni. Ban motsa ba. Can sai Gogo ta yi gyaran murya daga cikin gida. Ya yi tsaki, ya miƙe, ya je ya ture Hazim daga gaban ƙarfen. Da hannunsa ya dunƙula naman, ya yi ta ninki biyu, ya zaro ƙunshin yajin agashensa daga aljihu ya barbaɗa, Hazim yana cewa ba haka ake yi a Amurka ba, ko kallonsa bai yi ba. Ya kawo ya dangwarar a gabana, bai ce bismilla ba, ni na faɗa da ƙarfi.

Sai ga wata sabuwa. Na ɗauka da dama kaɗai kamar yadda aka koya mana, na wage baki, ina gatsawa naman ya sulɓe ta baya, tumatir ya faɗo, jar miya da rawaya suka gangaro a kan farin kaftanina tun daga wuya. Unguwa ta kwashe da dariya, har mata a cikin gida. Na tsince naman daga faranti na mayar na ci gaba. Sai na ji muryarsa a kaina yana cewa, "Riƙe da hannu biyu, yaro. Hagu ta tallafa, dama ta kai baki."

Na riƙe da biyu. Yaya, abin nan da daɗi. Naman yana da romo, cukun ya narke a ciki, tsamin gurjin yana yanka maiƙon, yajin kuma ya sa ni hawaye, ko da yake ba na rantsuwa yajin ne kaɗai. Ya tsaya a kaina har na cinye, na suɗe yatsu. Ya tambaye ni na ƙoshi? Na kusa cewa e, sai na kama bakina na ce in da ƙari zan ci. Ya juya baya, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Bai ce komai game da Duha ba, ni ma ban tambaya ba. Da zan tafi ya ce in same shi a kasuwa gobe Asabar, in zo da takarda da biro. Ban san me yake nufi ba. Ki ci gaba da addu'a.

Ƙaninki,
Musaddiq

Kasuwar Umdurman, ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Salamu alaikum, ina gaishe ki da maigidanki da manyan gidanku. Ni ne Dogo mahauci nake magana, yaronku yake rubutawa, don ni Hausata a baki take. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mata kwalliya.

Yaronku ya ɓata mini rai, ya kuma zo ya gyara da kansa a gaban unguwata. Bai iya cin abinci ba, rabi a riga yake zubarwa, amma za a koya masa. Na tambayi Duha, ta rufe fuska, uwata ta ce wannan amsa ce.

Ku turo manyanku bayan Babbar Sallah. Ki faɗa wa kawunsa ni mahauci ne, ubana ma bayan auduga wuƙa ya riƙe, kada ya ji a bakin wani. In ya yarda ya zo, ni zan yanka, ni zan gasa, ni zan ajiye a gabansa da hannuna. Ki gaya masa ya zo da yunwa, gidana ba a cewa an ƙoshi.

Wassalam,
Dogo